Jar Motar Da Ta Kwana A Siton Masara

Ranar wata Laraba ce a kakar shekarar da nake aji biyar na firamare. An tashe mu daga makaranta ke nan, muna tafe ni da ƙawayena muna shan rake muna tofar da tuƙarsa a gefen hanya, sai muka hango taraktar Alhaji Mamman tana shigowa Tsiga a hankali, ta ɗauro wani abu ja da igiya. Sai da ta matso na gane motar nan ce da ta yi mako biyu a hannun mahaifina, wadda ta fita daga garinmu da hantsi tana ruri har awaki suna watsewa. Ga ta yanzu ana jan ta kamar saniyar da ta ƙi shiga kasuwa, ba ƙara, ba fitila, ba komai. Mai ita yana ciki ya riƙe sitiyari, ya ɗaure fuska tamau, Baba kuma yana biye da ita a ƙasa, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin mahaifina a waje kansa ba hula ba sai ranar. Nan take raken ya fita daga raina, na miƙa wa wata yarinya sauran.

Malam Idi Mai Sito ake ce wa Baba, don shi ke riƙe da makullan siton hatsin Alhaji Mamman, wani babban ɗan kasuwar Funtuwa, tun kafin a haife ni. Ba mu da wani abin a zo a gani. Gidanmu ɗaki uku ne na ƙasa da rumbu ɗaya da turken awaki, sai wata gonar gado a bayan gari. Amma Baba yana da suna, kuma sunan nan ne dukiyar gidanmu. In aka yi gardama kan awo a kasuwa, sai ka ji an ce, “A kira Malam Idi ya auna.” Hatsin da ya zube a ƙasan sito ma ba ya yarda Inna ta sa mu tsinto wa kaji, sai ya share ya sheƙe ya mayar cikin buhu. Ni kuwa duk kaka a bakin siton nan nake yini bayan makaranta da islamiyya. Nakan kai masa abinci, in taya mata ɓarar masara har babban yatsana ya yi kanta, in tara totuwa in kai wa Inna ta hura wuta, in aiki ya lafa mu zauna a kan buhunan da ba a ɗinke ba mu yi carafke da duwatsu. Babban aikina shi ne yaga tsumma ƙanana-ƙanana da ƙulle ƙwayar maganin hatsi a ciki. Ƙwaya ce mai launin toka da ake cusawa a tsakiyar buhu. In ta sha iska sai ta riƙa fitar da wani wari mai kama da na tafarnuwa, duk ƙwaron da ke cikin masarar ya mutu, bayan kwanaki ita kanta ta koma gari.

Motar ta Alhaji Ƙarami ce, babban ɗan Alhaji. Sabuwa ce fil, ko ledar kujerunta ba a gama cirewa ba. Ana gyaran gidansu na Funtuwa, shi kuma tafiya ta kama shi, sai ya ga babu inda ya fi masa kwanciyar hankali irin hannun Malam Idi. Ranar da ya kawo ta garinmu ya sha kallo. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, sai da matasa suka cike ramukan bakin sito da ƙasa sannan ta iya shiga. Tsofaffi suka yi ta tsiya, wani ya ce wannan ai motar marowata ce, ko buhu ɗaya ba za ta ɗauka ba, wata tsohuwa ta leƙa ta ce, “To in ya ɗauki matarsa, uwarsa a ina za ta zauna?” Amma duk mai tsiyar nan sai da ya saci jiki ya shafa ta. Baba ya share ƙaramin ɗakin da ake ajiye taki da damina, aka tura ta ciki, ya lulluɓe ta da tamfol ya danne gefe da gefe da duwatsu. Alhaji Ƙarami ya tafi da makullinta amma bai kulle ƙofofinta ba, ya ce sito ai ya ishe ta makulli.

Tun daga ranar Baba bai ƙara samun sukuni ba, kuma ɓeraye ne damuwarsa. Wanda bai zauna kusa da siton masara da kaka ba bai san ɓera ba. Namu ƙosassu ne, ba sa tsoron mutum, sun taɓa cinye masa takalmin roba da wayar rediyo. Kullum sai na ji yana gaya wa Inna cewa in suka ɓula kujerar nan bai san da wane ido zai kalli yaron ba. Ya ɗana tarko, ya aro kyanwar maƙwabta, kyanwar ta kwana ɗaya ta koma gidansu. A kwana na uku, ya tafi sallar azahar ya bar ni gadin ƙofa, sai na ga wani ƙaton ɓera ya fito daga ƙarƙashin tamfol ya tsaya yana kallona, sannan ya koma abinsa. Ni kuma Allah Ya yi ni da son a yabe ni da dabara, har Inna takan ce kaina ya fi shekaruna rawa. Na ce a raina, abin da ya kashe ƙwaro a buhu ai zai kori ɓera a mota. Na buɗe gwangwanin maganin, na ƙulle ƙwaya shida a tsumma, na kutsa ƙarƙashin tamfol na buɗe ƙofar. Ƙamshin sabon abu ya buge ni, har na ɗan zauna na riƙe sitiyari na yi tuƙin ƙarya. Na cusa biyu a ƙarƙashin kowace kujera, biyu kuma can saman inda direba ke sa ƙafa, a wani lungu mai tarin wayoyi. Na rufe ƙofa ruf, na mayar da duwatsun yadda suke. Na yi niyyar in gaya wa Baba ranar da za a buɗe motar a ga ba abin da ya taɓa ta, don yabon ya fi daɗi.

Ranar da aka buɗe ta kuwa ina makaranta. Daga baya na ji yadda aka yi. Da Alhaji Ƙarami ya murza makulli sai da ta yi gardama sau biyu sannan ta tashi, ya ce sanyin ajiya ne. Bai yi nisa da gari ba, a hanyar Funtuwa, ya faɗa wani ɗan rami, sai duk fitilun da ke gabansa suka kawo lokaci ɗaya, suka yi ƙifi-ƙifi, suka ɗauke. Inji ya mutu, gilashin taga ya ƙi sauka, hon ya ƙi kuka, sitiyari ya yi nauyi, da ƙyar ya gangara gefen wata gonar auduga. Ya fito kansa yana sarawa, har ya yi amai a bakin hanya, aka ce ɓacin rai ne da zafin rana.

Washegari ya zo da wani matashin injiniya daga Funtuwa, mai farar riga da kwamfuta a jaka. Ya jona wayarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya danna nan ya danna can, kwamfutar ta yi shiru. Ya auna batir ya ga da wuta. Ya sake jonawa, shiru. Sai ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya ce a gaban mutane sabuwar mota ba ta yin haka da kanta, ƙwaƙwalwarta ba ta amsawa, wataƙila an cire ta asalin an sa mata matacciya, abin da ake yi ke nan yanzu don tana da tsada. Bai ambaci sunan kowa ba. Bai ma buƙaci ya ambata ba, kowa ya san mutum ɗaya ne ke da makullin ɗakin nan.

Kwana huɗun da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu a gidanmu ba. Ba wanda ya zo ya ce wa Baba ɓarawo a fuskarsa, da ma an faɗa da ya fi sauƙi. In na je ɗibar ruwa sai matan da ke bakin rijiya su sauya zance. A makaranta da aka fita tara, muna 'yar gala-gala, wata ta ce kada a bar ni kusa da jakarta. Na yi dambe da ita har ɗankwalina ya yage, aka zane mu mu biyu. Baba yakan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida da tuwo a gabansa har ya huce, ya yi loma biyu ya ture. Wanda ya saba a tsaya a gaishe shi, sai ga mutane suna ɗaga masa hannu daga nesa suna wucewa. Inna ta daina waƙa in tana daka. Ni kuwa na san ni kaɗai na shiga motar nan. Ban haɗa maganin da mutuwarta ba, a sanina magani rai yake kashewa, ƙarfe kuma ba shi da rai. Tsorona shi ne ko tuƙin ƙaryar da na yi ne ya ɓata wani abu. Sau uku ina zuwa gaban Baba da niyyar magana, in na ga idonsa sai in ce ko in kawo masa ruwa. Tsoro ne kawai, ba ni da wani suna mai kyau da zan sa masa.

Da Alhaji Mamman ya aiko cewa zai zo ranar Litinin ya karɓi makullansa, Baba ya roƙi alfarma ɗaya, a bari wani ya sake duba motar a gaban kowa. Ya shiga motar haya da kansa ya tafi Malumfashi ya taho da Baba Ishaya, wani dattijo mai gyaran wutar mota, wanda direbobi ke cewa in wuta ta ɓace a mota shi take jin tsoro. Ɗan siriri ne, da tabarau ɗaure da zare, kayan aikinsa duka a cikin tsohuwar jakar makaranta. Da Alhaji Ƙarami ya ga ya fito da ƙwan fitila ɗaya mai wayoyi biyu da 'yar wuƙa, ya yi tsaki ya ce wannan ba akori-kura ba ce. Baba Ishaya ya yi murmushi ya ce, “Ranka ya daɗe, wutar da ke cikin akori-kura ita ce a cikin taka. Hanya take bi, mu kuma sawunta za mu bi.”

Na zo kawo abinci na tarar an kewaye motar, na raɓe a jikin ƙofar sito. Baba Ishaya ya fara daga batir, ya taɓa wayoyinsa biyu, ƙwan ya kawo. Ya bi babbar wayar da hannu yana taɓawa gaba-gaba, ƙwan yana kawowa, har ta shige cikin motar. Ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya buɗe wani ƙaramin akwati mai jerin fiyus, waɗannan 'yan ƙananan abubuwa masu ƙafa biyu da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. A bakin akwatin ƙwan ya kawo, a bayansa ya ƙi. Ya zaro fiyus ɗaya ya ɗaga shi a rana. Bai ƙone ba, amma ƙafafunsa da ya kamata su riƙa sheƙi sun yi baƙi da kore-kore, kamar gindin tsohuwar tukunya. Ya zaro na biyu, haka, na uku, haka. Ya kankare ɗaya da wuƙa, ya kankare ramin da yake shiga, ya mayar, ya ce a danna hon. Motar ta yi wani kuka shaƙaƙƙe, yara suka watse da gudu, wata tsohuwa ta yi salati. Ya leƙa inda injiniyan nan ya jona kwamfutarsa ya ce nan ma haƙoran sun yi baƙi, shi ya sa ba ta ji komai ba. Ya nuna wa Alhaji Mamman ƙwaƙwalwar motar a inda take, kusoshinta da fentin kamfani a kansu, ba ƙarfen da ya taɓa su. Ya ce, “Alhaji, ba a ɗauki komai a motar nan ba. Ɓarawo cirewa yake yi ya gudu, ba ya zama yana shafa wa kowace waya baƙi.”

Na ga Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya jingina da bango. Da a nan aka tsaya, da labarin nan ya yi daɗi. Amma Baba Ishaya ba mai barin aiki rabi ba ne. Ya duba ko ruwa ne ya shiga, ya ga shimfiɗar ƙasa a bushe. Ya duba ko ɓera ne, bai ga cizo ko ɗaya ba. Ya zauna a bakin ƙofar motar yana jujjuya fiyus a hannunsa, sannan ya ce ya taɓa ganin irin wannan sau ɗaya, a wata fanka da aka bari a siton wake a Gozaki, duk jan ƙarfen cikinta ya ci. Ya sunkuya ya shinshina ƙarƙashin kujera, ya zura hannu, ya fito da ƙullin tsumma. Ya kwance shi a tafin hannunsa, garin toka ya zubo. Ya ci gaba da lalube har ya jera shida a kan tabarma. Ya ce iskar maganin nan tana cin jan ƙarfe, an kuma rufe ta a mota kwana goma sha ɗaya a ƙarƙashin tamfol, ta bi kowane lungu. Ramin da motar ta faɗa ƙarasa abin da ya riga ya lalace kawai ya yi. Sannan ya kalli Alhaji Ƙarami ya ce ya gode wa Allah da ƙarfin maganin ya riga ya ƙare, da a kwanakin farko ya shige ta ya rufe gilashi, da ba amai kaɗai zai yi ba.

Wani daga baya ya ce a hankali, “Guba ke nan aka sa wa yaron.” Alhaji Mamman ya tambaya ko wa ya sa. Tsummokaran nan shuɗi ne mai ratsin fari, daga tsohon zanen Inna da nake yagawa, kuma ƙullin kunne biyu ne irin nawa. Baba ya dube su, bai ko waiwayo inda nake ba. Sai na ji muryarsa, a natse kamar yana faɗin awon masara. “Ni na sa, Alhaji. Ɓera nake tsoro. Ban san yana cin waya ba.”

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ya yarda ba sata ba ce, ya kuma yarda ba mugunta ba ce, amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana aiki da maganin nan, ya sa shi inda ɗan mutum zai zauna, sannan ya yi shiru kwana biyar ana neman dalili, ba zai iya ci gaba da riƙe masa sito ba. Baba ya kwance makullan daga igiyar wandonsa ya miƙa da hannu biyu. Motar kuwa a bayan babbar mota aka ɗauke ta zuwa Kaduna, na ji an ce sai da aka sauya mata wayoyi da yawa, kuma ba ta ƙara zama daidai ba.

Muka kamo hanyar gida ni da shi, ina ɗauke da kwanon abincin da bai ci ba. Sai da muka wuce masallaci, inda ba kowa, sannan na fashe da kuka na ce ni ce. Bai tsaya ba, bai kalle ni ba. Ya ce, “Da hannunki kika ɗauki ƙwayar?” Na ce e. Ya ce, “Kin ci wani abu kafin ki wanke?” Na ce ban tuna ba. A nan ya tsaya, ya kamo hannuwana biyu ya juya su yana dubawa, kamar bayan kwana goma sha shida zai ga wani abu a jikinsu. Sannan ya ce kada in ƙara faɗin maganar nan ga kowa. Shi dattijo ne, in an ce ya yi wauta za a yi dariya a gaji. Ni kuwa 'ya mace ce, in aka ce ni ce yarinyar da ta sa wa ɗan Alhaji guba, sunan zai riga ni shiga duk gidan da zan je.

Ba a gaji da dariyar ba. Har ya bar duniya matasa suna kiran sa Malam Idi Mai Feshin Mota, in sabuwar mota ta shigo gari sai wani ya ce a ɓoye ta kada Malam ya gani. Yakan yi murmushi ya wuce, ni kuwa kowace dariya a ƙirjina take sauka. Ba a ƙara kiran sa ya raba gardamar awo ba. Ya koma gonarmu ta bayan gari da fartanya a shekarun da sa'o'insa ke hutawa, da rani ya yi ɗinkin buhu a kasuwa, bayansa ya ranƙwafa da wuri. Ranar sadakar ukunsa Alhaji Mamman ya zo, ya tsufa yana dogara sanda, na ji shi daga zaure yana cewa bai taɓa ganin mai amana irin Malam Idi ba, wauta ɗaya ce ta raba su. Na miƙe da mayafina zan fita, a lokacin ina da 'ya'ya biyu, ba sauran abin da nake tsoro. Inna ta riƙo hannuna ta zaunar da ni. Ta ce, “Abin da ya rufe da bakinsa ba ke za ki buɗe ba, Rakiya, ba yau ba.”

Yanzu in na je Tsiga daga Malumfashi inda nake aure, nakan wuce ta gaban siton. An mayar da shi shagon sayar da siminti, ɗakin da motar ta kwana kuma wani yaro yana cajin waya a ciki. Manoma da yawa sun koma buhu mai leda a ciki wanda ba ya buƙatar ƙwaya, yara kuma ba sa bin mota da gudu don sun ga irinta a waya sun gaji. Wurin aikin Baba Ishaya a Malumfashi an gina shaguna a kai. Alhaji ya rasu, Inna ta bi shi bara, waɗanda suka tsaya a bakin siton ranar nan saura ƙalilan, su ma in ka ce Malam Idi sai sun yi tunani kafin su ce, “Au, mai feshin mota?” Ina kewar mutumin nan kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Yau ga shi na faɗa da bakina cewa ni ce, amma duk waɗanda ya kamata su ji sun riga sun kwanta dama.